Amfani da Ciyawa Wajen Jinyar Ƙasar da Man Fetur Ya Gurɓata

1.0 Gabatarwa

A idon manomi, ciyawa abokiyar gaba ce. Yakan kwashe rabin damina yana yaƙi da ita, daga noman fari zuwa maimai, don kada ta shaƙe masa gero da dawa. Makiyayi da mai jinka da mai saƙar zana su ne aka sani da ganin darajarta. Amma daga wajajen 1990 zuwa yau, masana kimiyyar ƙasa sun ƙara wa ciyawa wani aiki, wato taimakawa wajen kawar da man fetur daga ƙasar da ya malala a kanta. Wannan babi zai yi bayanin yadda hakan ke faruwa, da irin ciyawar da ke iya aikin, da kuma inda ƙarfinta ya tsaya. An ɗauki ƙasar Ogoni ta Jihar Ribas a matsayin misali, domin a duk faɗin Nijeriya babu inda aka auna ɓarnar mai dalla-dalla kamar can.

Sunan da masana suka ba wannan dabara a Turance haɗi ne na kalmomi biyu: ɗaya daga Girkanci mai nufin tsiro, ɗaya daga Latinanci mai nufin gyara ko magani. A nan an zaɓi a kira ta jinyar ƙasa da tsirrai. Ba a ce wanke ƙasa ba, saboda wanki aikin yini guda ne, ita kuwa jinya tana ɗaukar lokaci, tana buƙatar kulawa, kuma ba kowane majinyaci ne ke tashi ba. Duk waɗannan siffofi uku sun dace da abin da za a tattauna.

2.0 Abin da Mai Ke Yi wa Ƙasa

Ɗanyen mai ba abu ɗaya ba ne. Cakuɗe ne na dubban sinadarai waɗanda akasarinsu an gina su da kabon da haidirojin. Wasu marasa nauyi ne, da zarar sun sha rana sai su bi iska. Wasu matsakaita ne, irin waɗanda ake tace kananzir da gas daga cikinsu. Wasu kuma masu nauyi ne da danƙo kamar kwalta, suna iya shekara da shekaru a wuri ba su gusa ba.

Idan mai ya zuba a gona, yakan lulluɓe kowace ƙwayar ƙasa, ya toshe 'yan ƙofofin da ruwa da iska ke bi. Sai a ga an yi ruwan sama ya kwanta a bisa ko ya gangare, ƙarƙashi kuwa a bushe. Saiwar shuka tana numfashi kamar yadda ganye ke yi, don haka toshewar iska kaɗai ta isa ta kashe ta. Irin da aka shuka kuma yakan ruɓe kafin ya tsaga. Bayan wannan, akwai guba. Sinadarin benzin, alal misali, an tabbatar yana haddasa kansar jini, kuma yana narkewa a ruwa fiye da yawancin 'yan'uwansa, shi ya sa yakan riga su isa rijiya.

3.0 Halin da Aka Samu Ƙasar Ogoni

An fara samun mai na kasuwanci a Nijeriya a Oloibiri, cikin Jihar Bayelsa ta yanzu, a 1956, aka fara fitar da shi waje a 1958. A shekarar 1958 ɗin ne kuma aka same shi a Bomu cikin ƙasar Ogoni, yankin da ya ƙunshi ƙananan hukumomin Eleme da Gokana da Khana da Tai. Kamfanin Shell ya daina haƙo mai a yankin a 1993 sakamakon boren jama'a ƙarƙashin jagorancin marubuci Ken Saro-Wiwa, wanda gwamnatin soja ta rataye tare da mutum takwas ranar 10 ga Nuwamba, 1995. Dakatar da haƙa bai dakatar da malala ba, domin bututan da ke ɗauko mai daga wasu wurare sun ci gaba da ratsa yankin. A garin Bodo kaɗai an samu manyan malala biyu da suka fara a 2008, waɗanda a kansu kamfanin ya amince a 2015 zai biya diyyar fam miliyan 55.

A watan Agusta na 2011 Hukumar Kula da Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wato UNEP, ta fitar da rahoton binciken da ta gudanar a yankin bisa gayyatar gwamnatin tarayya. Masu binciken sun duba wurare fiye da 200, sun bi hanyar bututu mai tsawon kilomita 122, sun kuma auna samfur fiye da 4,000 na ƙasa da ruwa. A Nisisioken Ogale sun tarar jama'a na shan ruwan rijiyar da benzin ɗin cikinsa ya ninka ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya sau 900, sun kuma tarar da mai mai kaurin santimita 8 yana yawo a kan ruwan ƙarƙashin ƙasa. A wurare 49 man ya nutse aƙalla mita 5. Rahoton ya ƙiyasta cewa farfaɗo da yankin zai ɗauki shekara 25 zuwa 30, ya kuma ba da shawarar a ware dala biliyan 1 don shekaru biyar na farko. An kafa hukumar HYPREP a 2012 domin wannan aiki, amma sai a watan Yuni na 2016 aka ƙaddamar da shi a Bodo.

Ya kamata ɗalibi ya riƙe wannan adadi na mita 5, domin za a sake komowa kansa.

4.0 Yadda Ciyawa Ke Aikin

Da yawa daga masu jin wannan batu a karon farko sukan ɗauka cewa ciyawa tana tsotse man ne ta saiwarta, kamar yadda take tsotsar ruwa. Ba a nan gizo ke saƙar ba. Yawancin sinadaran mai ba sa narkewa a ruwa, kuma abin da bai narke ba da wuya ya hau jikin tsiro. Masu cin man na haƙiƙa wasu ƙananan halittu ne da ido ba ya gani, wato bakteriya da dangogin funfuna, waɗanda ke zaune a cikin ƙasa tun fil'azal. A cikin ƙasar da ba ta wuce cikin ƙaramin cokali ba akwai miliyoyinsu. Wasu daga cikinsu suna da ikon farfasa sinadaran mai su mayar da su abinci, abin da zai saura a ƙarshe shi ne ruwa da iskar nan da mutum ke fitarwa idan ya numfasa. Ke nan man ba ya ƙaura daga wuri zuwa wuri, rushewa yake yi.

To, in haka ne, mene ne amfanin ciyawar? Amfaninta shi ne ta zame wa waɗannan halittu uwar ɗaki. Tun a 1904 wani masani Bajamushe mai suna Lorenz Hiltner ya lura cewa 'yar ƙasar da ke manne da saiwa ta bambanta da sauran ƙasar gona, domin a nan ne ƙananan halittu suka fi cunkoso. Dalili kuwa shi ne tsiro ba ya cinye duk abincin da ganyensa ya sarrafa daga hasken rana. Yana tsiyayar da wani kaso ta saiwa a siffar sukari da wasu ruwaye masu tsami, kuma kullum tsofaffin gashin saiwa suna mutuwa suna ruɓewa. Wannan gara ce ke tara halittun, har yawansu a jikin saiwa yakan ninka na nesa da ita sau goma ko fiye. Idan suka yi yawa, suka ƙoshi, sai su juya kan man da ke kewaye da su. Har ila yau, wasu ruwayen da saiwa ke fitarwa sun yi kama da sinadaran mai a ƙirarsu, don haka halittar da ta saba narka na farko ba ta shan wahalar narka na biyu.

Taimako na biyu shi ne iska. Masu cin mai sun fi sauri idan akwai iskar oksijin, ita ce kuwa abin da man ya fara hana ƙasa. Saiwa tana huda ƙasa, tana sassauta ta, kuma idan ta mutu takan bar rami siriri wanda iska da ruwa za su bi. Na uku, ganyen ciyawa yana rufe ƙasa, ya hana ruwan sama kwasar gurɓataccen laka zuwa rafi, ya hana iska ɗaukar ƙurarsa zuwa gidaje.

4.1 Dalilin Fifita Ciyawa

Kowane tsiro yana da saiwa, amma ba kowace saiwa ce ta dace da wannan aiki ba. Duk wanda ya taɓa tumɓuke kuɓewa da gindin gero ya ga bambancin: ta farko tana da uwar saiwa guda mai nutsawa da 'yan rassa kaɗan, na biyu kuwa dunƙule ne na zare-zare marasa ƙidayuwa waɗanda suka riƙe ƙasa kamar taru. Tunda aikin yana gudana ne a jikin saiwa, to yawan jikin shi ne abin nema. A 1937 wani masanin tsirrai a Amurka, Howard Dittmer, ya yi haƙurin ƙirga saiwoyin tsiro guda ɗaya na wani hatsi dangin alkama wanda ya yi wata huɗu da shukawa. Ya samu saiwa fiye da miliyan 13, waɗanda da za a jera su baki da baki sun haura kilomita 600. Tsiro ɗaya ke nan. Bugu da ƙari, ciyawa tana saurin tashi, tana jure yanka da tattaki, tana sake tohowa daga gindi, ga shi kuma samunta ba ya cin kuɗi.

Ɗaya daga cikin gwaje-gwajen farko da suka ja hankalin masana shi ne wanda Aprill da Sims suka buga a 1990 a Amurka. Sun shuka nau'o'in ciyawar daji takwas a ƙasar da aka cakuɗa da wasu sinadaran mai masu wuyar rushewa, sun kuma bar wata ƙasar ba shuka. Sinadaran sun fi raguwa a inda aka yi shuka.

5.0 Wace Ciyawa?

Wadda ta fi suna a wannan fage ita ce jema. Nau'in da Bahaushe ya sani yana fitowa a fadamu da bakin gulbi a Afirka ta Yamma, ana jinka da saƙa da shi. Yana da ɗan'uwa na kudancin Indiya wanda Bankin Duniya ya yayata a shekarun 1980 domin hana zaizayar ƙasa. Saiwar jemar Indiya tana nutsawa kai tsaye har mita 3 ko fiye a ƙasa mai taushi, tana jure fari da ambaliya, kuma ba ta yin iri mai tsirowa, don haka takan tsaya inda aka dasa ta. Wannan siffa ta ƙarshe ba ƙarama ba ce. Mutanen fadamar Haɗeja da Nguru, waɗanda kacala ta cinye wa gonaki da hanyoyin ruwa, sun san abin da tsiro ke yi idan ya fi ƙarfin mai shi.

Sai dai suna daban, aiki daban. A ƙasar Benezuwela, wadda ita ma mai arzikin mai ce kuma yanayinta na zafi ne, an gwada jema a ƙasar da aka zuba wa ɗanyen mai kashi 5 cikin 100, wato giram 50 a kowane kilo na ƙasa. Sakamakon da aka buga a 2006 ya nuna jemar ta rayu, amma bayan wata shida man da ke ƙarƙashinta bai ragu fiye da na ƙasar da ba a shuka komai ba. A wani gwajin da aka buga a 2005 a wannan ƙasa, wata ciyawar kiwo mai asali daga Afirka da wani tsiro dangin aya-aya sun rage man sosai, alhali dangin wake da aka gwada tare da su sun mutu cikin 'yan makonni. Darasin da ke nan shi ne jure mai abu ne guda, rage shi kuma wani abu ne dabam, kuma ba a sanin wanda tsiro zai yi sai an auna.

A jami'o'in Nijeriya an yi ta gwada tsirran gida, kamar ciyawar tuji da kiri-kiri da dangin aya, har da masara da dawa. Mafi yawan waɗannan gwaje-gwaje a tukwane aka yi su, na 'yan makonni ko watanni. Suna da amfani wajen tantance tsiron da ya cancanci a kai fili, amma tukunya ba fili ba ce: a cikinta saiwa tana cika ko'ina, ruwa bai yanke ba, akuya ba ta shiga ba.

6.0 Tsarin Aiki a Fili

Ba a fara da shuka. Matakin farko shi ne toshe inda man ke fitowa, sa'an nan a kwashe wanda ya kwanta a sama, domin babu ciyawar da za ta tsiro a cikin kududdufin mai. Daga nan sai a auna ƙasa a san yawan man da zurfinsa. In ya yi yawa, akan yi kaftu a bar wurin ya sha iska na wani lokaci, ko a gauraya shi da ƙasa mai kyau.

Taki wajibi ne, kuma dalilinsa abin lura ne. Mai cike yake da kabon amma kusan babu naitirojin da fosfaras a cikinsa. Idan ƙananan halittu suka samu wannan tulin kabon, sai su wawashe ɗan naitirojin da ke ƙasa, su bar tsiro da yunwa, daga baya su ma su tsaya. Kashin kaji da na shanu sun fi takin zamani dacewa a wurare da dama, saboda bayan abinci suna sassauta ƙasa, suna kuma zuwa da nasu halittun. An fi son dashe a kan yafa iri, domin tsiron da ya riga ya yi saiwa ya fi ƙwaya juriya. Bayan haka sai ban-ruwa, da shinge don hana dabbobi kiwo, da komawa awo lokaci-lokaci. Aikin yakan ci damina biyu ko uku, wani lokaci fiye.

7.0 Inda Ƙarfin Ciyawa Ya Tsaya

Yanzu sai a koma kan mita 5 ɗin nan ta ƙasar Ogoni. Yawancin saiwar ciyawa tana cikin rabin mita na sama, kuma ko jema mai doguwar saiwa ba ta cika ƙasa a can ƙasa yadda take cikawa a sama. Man da ya wuce nan ya wuce hurumin ciyawa. Wanda ya isa ruwan rijiya kuwa sai an janyo shi da injin, ko a haƙe ƙasar a kai ta wurin da aka tanada domin sarrafa ta. Rahoton 2011 ya soki hanyar da kamfanin ya daɗe yana bi, wato a kafce saman ƙasa, a zuba taki, a tara ta kunya-kunya a bar wa ƙananan halittu. An gina hanyar ne bisa zaton cewa akwai shimfiɗar yumɓu a ƙarƙashi da za ta tare man. Masu binciken sun tarar babu irin wannan shimfiɗa da ta game dukkan yankin ba yankewa, ga kuma ruwan sama mai yawa da ke tura man ƙasa. Duk abin da aka faɗa kan waccan hanya ya shafi ciyawa, tunda ita ma a sama take aiki.

Akwai kuma wani haɗari wanda ya fi wannan ɓoyuwa. Fili mai baƙin mai yana tona asirin kansa. Kowa ya gan shi ya san da ɓarna. Fili mai kore shar kuwa yana kwantar da hankali, ko da guba na kwance kamu biyu a ƙarƙashinsa. Ɗan kwangilar da ke son a biya shi ba tare da ya yi aiki ba, babu rufa-rufar da ta fi masa ciyawa sauƙi. Saboda haka tsirowar ciyawa ba ta zama hujjar a miƙa wa manomi gonarsa ya shuka rogo ba. Hujja ita ce sakamakon awo, a zurfi dabam-dabam, daga ɗakin gwajin da ba na mai kwangilar ba.

Haka nan, sinadarai masu nauyi irin na kwalta ba sa rushewa sai kaɗan, ko da an yi shekaru. A bakin teku, kamar rafukan Bodo, inda ruwan gishiri ke hawa da sauka, ciyawar tudu ba ta rayuwa, sai dai a sake dasa itatuwan da suka saba da wurin. Ƙarafa masu guba kuma, irin su dalma, ba sa rushewa sam, domin babu halittar da ke iya narka su. In tsiro ya ɗauke su, suna nan a jikinsa, kuma duk dabbar da ta ci ta ɗauka. Mutuwar yara fiye da 400 a ƙauyukan Zamfara da aka gano a 2010 ta isa ta nuna abin da dalma ke yi idan ta shiga jiki.

8.0 Dangantakar Batun da Ƙasar Hausa

Kada malami ya ɗauka wannan magana ce ta mutanen kudu kawai. An buɗe matatar mai ta Kaduna a 1980, wadda aka shimfiɗa wa bututun kawo ɗanyen mai tun daga kudu. A Jamhuriyar Nijar an buɗe matatar Damagaram a 2011. A watan Nuwamba na 2022 aka ƙaddamar da aikin haƙar mai a Kolmani, kan iyakar Bauchi da Gombe. Amma gurɓatar da ta fi kusa da kowa ita ce ta baƙin mai: wanda makanikai da masu injin niƙa da masu janareta ke juyewa a ƙasa ko a kwata. Duk wanda ya shiga tsohon gareji ya ga ƙasarsa baƙa ƙirin, ta daskare, ko tsinke ba ya fitowa. Irin wannan gurɓata ba ta cika zurfi ba, filinta kuma ƙarami ne, don haka ita ce ta fi dacewa da jinyar ciyawa. Sharaɗi shi ne a tuna cewa baƙin mai yana ɗauke da ɓurɓushin ƙarafa daga jikin inji, saboda haka ciyawar da aka yanka a wurin ba ta shiga akurki ko turke.

Malamin firamare ko ƙaramar sakandare yana iya nuna wa ɗalibansa wani ɓangare na wannan da kayan da ba su fi ƙarfin makaranta ba. A sami tukwane huɗu a cika su da ƙasa iri ɗaya. A bar ta farko yadda take, a gauraya sauran ukun da baƙin mai daidai wa daida, kamar cokali biyu a kowane kwanon awo na ƙasa, malami da kansa zai yi gaurayar da safar hannu. A dasa kiri-kiri a ta farko da ta biyu, a dasa a ta uku tare da kashin kaji, a bar ta huɗu ba shuka. Kowane mako ɗalibai su auna tsayin ciyawa, su duba launin ganye, su ƙirga daƙiƙun da kofin ruwa ke ɗauka kafin ya nutse a kowace tukunya, su rubuta abin da suka gani da Hausa a jadawali. A ƙarshen zango a fasa tukwanen a kwatanta saiwoyin. Wannan gwaji zai nuna musu tsiron da ya jure da kuma tasirin taki, amma ba zai faɗi yawan man da ya saura ba. Wannan sai an kai ƙasar ɗakin gwaji na sashen kimiyya. Ƙasar tukwanen kuma, bayan an gama, ba a zubar da ita a lambun makaranta ko kusa da rijiya.